Daminar da Aka Hana Ni Korar Biri

Gonar da babana ya yanka mini shekarar da na yi aure ita ce ta ƙarshe a gonakin ƙauyenmu, can arewa da Zermu. Daga ita sai duwatsu, bayan duwatsun kuma makiyaya ce, inda Fulani da Buzaye ke sauka da dabbobinsu. Jigawa ce mai laushi, gyaɗa na son ta ƙwarai. Maƙwabta ne suka ɓata ta: jan biri a duwatsu, kurege a gindin kowace sabara, gadu mai tono kamar an ɗauke shi aiki, ga zabin daji, ga barewa jefi-jefi. Noma a wannan gona rabi da hauya ake yin sa, rabi da majajjawa. Ina da kare, ina da igiyar da na rataya wa tsofaffin gwangwanaye, ina da maƙogwaro mai ƙarfi. Da su nake ƙwato gyaɗar da matata ke soyawa ta fid da mai, ta yi ƙuli-ƙuli ta kai kasuwa. Gero shi ke ciyar da mu, amma gyaɗar nan ita ce gishirinmu da sabulunmu da zanenta.

Shekaru kaɗan kafin a ba mu mulkin kai, ana dab da faɗuwar ruwa, ina sharar gona sai na ji ƙugin mota. Ta tsaya a bakin burtali, wani Nasara dogo ya fito da hular kwano, tare da wani gardin daji, wato ma'aikacin tsaron daji, mai jar hula. Nasaran bai dube ni ba, ƙasa yake kallo. Ya durƙusa ya ɗauki kashin barewa, ya murje shi a tafin hannu, ya shinshina. Na ce a raina, Allah ya ba shi lafiya.

Da la'asar bulama, wato mai garinmu, ya aiko kirana. Na tarar da su a ƙofar gidansa. Gardin ne ke tafinta, mutumin wajen Mirya ne, Hausarsa irin tamu. Ya ce wannan Mushe, haka ake kiran Nasara da Faransanci, daga Damagaram yake, aikinsa binciken naman daji. Manoma na ta kai kuka cewa namun daji na cinye musu amfani, a wani gefen kuma maharba sun kusa ƙarar da barewa. Kafin a ce wannan a kashe, wancan a bari, yana so ya gani da idonsa wane ne ke cin me, kuma nawa yake ci. Ya zaga ƙasar duka bai ga gonar da ta kai tawa dacewa ba.

Na ji daɗi, na ɗauka bindiga za a kawo. Sai gardi ya ci gaba. Za a raba gyaɗata biyu. Rabi a kewaye da waya, rabi a bar shi a buɗe. A wanda yake buɗe ba kora, ba jifa, ba tarko, ba ihu. Kare a ɗaure shi a gida. In kaka ta yi a auna nan a auna can, bambancin shi ne abin da daji ya ci.

Na ce, "To, ni kuma me zan ci?"

Gardi ya juya maganar, Mushe ya gyaɗa kai da sauri. An ce abin da na rasa za a mayar mini da hatsi.

Na dubi bulama ko zai ce wani abu. Ya ce, "Kwamanda ne ya turo su." Wato Nasaran da ke mulkin ƙasarmu. Daga nan na san magana ta ƙare.

Kashegari gardi ya tsaya a dandali ya yi shela, don kada wani ya taya ni kora a bisa rashin sani. Ina jin muryarsa har yau: "Duk dabbar da ta shiga wannan gona, ba mai korar ta, ba mai jifan ta. Wanda ya taɓa ta, ya taɓa hukuma!"

Da na koma gida matata ta ce, "Maigida, hatsi aka ce za a ba ka? Da hatsi zan yi ƙuli?"

Na ce ta yi haƙuri, damina ɗaya ce.

Aka kafa itatuwa, aka ja waya, aka yi ƙofa, aka danna kwaɗo. Mabuɗin kuwa gardi ya jefa a aljihunsa ya tafi da shi Damagaram, wai don kada a buɗe a manta. Ruwa ya sauka, shuka ta fito, ciyawa ta biyo ta. Na nome ɓangaren da ke buɗe tas. Na cikin waya kuwa ina kallon ciyawa tana haɗiye gyaɗata, mai mabuɗi bai zo ba. Da na gaji na kama itace na haura da hauyata. Wayar ta kama wandona ta tsarge shi tun daga cinya har gwiwa. Ina cikin noma da yagaggen wando sai ga wata biranya da ɗanta a maƙale a ciki, ta zo ta haura wayar nan cikin natsuwa, ko gashinta ɗaya bai kama ba. Kurege kuwa tuni ya yi hanyarsa ta ƙarƙashi. Gadu da barewa kam wayar ta hana su, ba zan ci haƙƙinta ba. Amma a cikin masu shiga gonar kullum, ni kaɗai take wahalarwa.

Daga baya Mushe ya sa aka yi masa rumfa a kan dogayen itatuwa a gefen gona. Kowane mako yakan zo da sassafe ya hau, ya kafa madubin hangen nesa a ido, ni kuma in zauna kusa da shi, don yana son ya riƙa tambayata. Mutum ne mai haƙuri da zafin rana, ba ya tsawa, har goro yakan kawo mini daga Zangon Damagaram. Wannan ma ya ƙara mini takaici, don da mugu ne da na samu wanda zan zaga a raina.

Da farko birai ba su yarda ba. Sukan zauna a kan dutse su yi ta leƙe, suna jiran dutsen majajjawa. Da suka ga shiru sai suka fara shiga bakin gona su fizga su gudu. Kafin gyaɗa ta ƙosa sun daina gudu. Akwai babbansu, mai farin saje, wanda na taɓa samu da dutse a ƙugu bara waccan, yana ɗan ɗingishi. Ran nan ya shigo har kusa da rumfa. Ya tuge gindin gyaɗa, ya kakkaɓe ƙasar, ya ɓare ɗaya ya ɗanɗana, ya jefar da sauran. Ya matsa gaba ya tuge wani. Ba yunwa yake ji ba, zaɓe yake yi. Sannan ya hau itacen wayar ya zauna, ya juyo yana kallona yana tauna.

Ban san lokacin da hannuna ya kai ga takalmina ba. Sai na ji Mushe ya riƙe mini wuyan hannu, idonsa bai bar madubi ba, yana raɗa, "Dusuma, dusuma." Wai a hankali. Da birin ya sauka ya tafi, ya juyo fuskarsa cike da murna, ya ɗaga mini babban yatsa. Gardi ya ce Mushe ya ce yau an ga abu mai kyau.

Na ce, "Gaya masa ni ma na gani."

Sai rigimar maƙwabta ta taso. Birai sun gane iyakar gonata fiye da ni. Su shiga gonar wani su yi ɓarna, in an biyo su da jifa su tsallako tawa, su zauna a fili suna sosa ciki. Mai gonar ya tsaya a kan iyaka da dutse a hannu, ya dube su, ya dube ni. A masallaci aka fara ce mini sarkin birai. Wani ya tambaye ni ko baƙina sun kwana lafiya. Karena a gida ya rame don kukan igiya, ya hana matata sakat.

Duk wannan da sauƙi. Wata safiya na iso gona na hango jajaye da farare suna motsi a cikin gyaɗa. Na ce yau kuma barewa ce ta zo da dangi. Da na matsa sai na ga awaki. A ƙasarmu in damina ta kama akuya a turke take kwana, a turke take wuni, kowa ya san wannan. Na ɗaga sanda, sai na ga tsagar kunnensu. Na sauke sandar. Awakin surukata ne, uwar matata.

Wanda ya tashi a garinmu ya san halin da na shiga. Matar da ko a hanya na hango ta sai in sake hanya, wadda ban taɓa cin abinci a gabanta ba, ba ni da bakin da zan ce mata ta ɗaure awakinta. Na lallaɓa su zuwa burtali kamar ina rakiyar baƙi, na dawo gida na gaya wa matata. Ta yafa mayafi ta tafi. Ba ta daɗe ba ta dawo, tana ƙoƙarin ɓoye dariya.

Na ce, "Me Inna ta ce?"

Ta ce, "Ta ce a gaishe ka. Ta ce tana dandali aka yi shela, kuma kunnenta ƙalau. Duk dabba aka ce. Ta ce ko akuya ba dabba ba ce?"

Kashegari awakin suka dawo. Rana ta uku suka zo da na ƙawarta. Kafin mako ya zagayo, duk tsohuwar da ta gaji da yankar ciyawa ta tuna da shelar gardi. Har wani jaki na tarar. Ina kora ana dawowa, kuma in na ɗaga murya sai a tuna mini cewa wanda ya taɓa dabba a gonar nan ya taɓa hukuma.

Ranar da Mushe ya zo ya ga wannan kasuwa, na ga abin da ban taɓa gani ba: fuskarsa ta koma kamar gauta ja. Ya cire hular kwano ya buga da ƙasa. Shi da gardi suka yi ta Faransanci da ƙarfi, gardi na ƙamewa yana sara masa, yana kuma mayar da magana. Daga baya na gane cewa Mushe naman daji ya ce, gardi ne ya ce dabba. Sannan suka juyo kaina.

Gardi ya ce, "Awakin wa suka fara?"

Na dubi ƙasa.

"Da kai nake. Mushe na son suna."

Na ce, "Ranka ya daɗe, sunan nan ba ya fita a bakina."

Gardi ɗan ƙasa ne, nan take ya gane, har ya rufe baki da hannu. Ya yi ƙoƙarin bayyana wa Mushe, shi kuwa ya kasa fahimtar yadda ƙato kamata zai ji tsoron tsohuwa. Ya ce a kai shi wurinta. Na bi su a baya, na tsaya a bayan danga inda zan ji ba a gan ni ba.

Tana zaune a inuwar ɗakinta tana kaɗi. Ba ta tashi ba, ba ta ajiye mazari ba. Gardi ya gaishe ta, ya ce ga Mushe ya zo.

Ta ce, "Mushe? Haka uwarsa ta sa masa? To, sannunsa."

Gardi bai juya wannan ba. Ya bayyana mata cewa bincike ake yi, naman daji kaɗai aka yarda ya shiga, awakinta suna ɓata aikin.

Ta ce, "Tambaye shi, biri ɗan gidan wa ne? Shi ya haifi yarinyar? Shi ya goya ta? Gyaɗar ƴata ce. In ta halatta ga biri, ta halatta ga akuyar uwarta."

Mushe ya saurara, ya yi dogon bayani da hannuwa. Gardi ya taƙaita: in an gama aikin nan za a san maganin ɓarna, kowa ya huta.

Ta ce, "Maganin ɓarna dutse ne. Ku kuka hana."

Sai da bulama ya sa baki, aka sake shela, wannan karon da kalmar daji a ciki, har sau da yawa. Awaki suka koma turke. Ban da wata baƙar akuya guda, wadda surukata ta aiko a gaya mini cewa a daji uwarta ta haife ta, don haka shelar ba ta shafe ta ba. Wannan akuya ta ci gyaɗata har kaka.

Da aka tuge gyaɗa Mushe ya zo da ma'auni. Abin da aka samu a buɗaɗɗen ɓangare ban so in tuna. Na cikin waya ya fi, amma shi ma bai kai yadda ya kamata ba. Na ce birai ne, tunda suna haurawa. Mushe ya girgiza kai. Ya sa aka kawo galma da shebur, ya kai mu gindin wata sabara, ya nuna wani rami ya ce a tona. Aka bi ramin yana lanƙwasa, gumi na zuba, ina ta mita a raina. Sai shebur ya faɗa wani ɗaki a ƙarƙashin ƙasa. Gyaɗa ce jibge, tsabtatacciya, zaɓaɓɓiya, ta fi wadda ke cikin rumbuna kyau. Gidan gafiya ne. Aka tona wani, aka tona na kurege, kusan duk haka.

Mushe ya zauna a kan ƙasar ya yi mini bayani a hankali, gardi na juyawa. Biri ɓarnarsa a fili take, da rana, a gaban mai gona, shi ya sa shi ake tsana. Barewa kuwa kusan ba ta cin komai sai ɗan ganye a gefe. Masu kwashe gyaɗa na gaskiya su ne na ƙarƙashin ƙasa, gafiya da kurege da ɓeraye, tun daga irin da aka shuka har ranar tuga. Kuma sun yi yawa ne saboda mun ƙarar da masu cin su: dila da muke ɗana wa tarko, kyanwar daji, shaho, da macizan da muke kashewa duk inda muka gani.

Na so in musa, amma ga gyaɗar a gabana. Wannan ya fi komai ƙona mini rai. Mutum ya cinye maka damina, ya mai da kai abin dariya a gari, ya haɗa ka da surukarka, sannan kuma ya zamana yana da gaskiya. Na ce to, alhamdulillahi, tunda an gano ɓarawo, a kwashe waya a ba ni gonata.

Gardi ya juya. Mushe ya sosa ƙeya ya yi magana, ba ya kallona. Gardi ma ya ɗan ja baya kafin ya faɗa. Wai awaki sun dagula awon bana, ba a san abin da daji ya ci da abin da gari ya ci ba. Dole a sake baɗi.

Hatsin da aka ce za a bayar an kawo shi, ban ce ba a kawo ba. Tsohuwar dawa ce ta ajiya, mai warin rumbu. Matata ta buɗe buhu ta duba ta rufe. A shekarar nan gyaɗar mutane ta riƙa saye tana ƙuli, ita da mijinta ke da gonar gyaɗa mafi kyau a gari. Duk ranar kasuwa sai na ji wannan magana.

Damina ta biyu ta zo lokacin da gari ya cika da zancen ƙuri'a da jam'iyyu. Motoci na zuwa dandali ana jawabi a kan ƴanci, ni kuwa ina kan rumfa ina gadin birai kada wani ya dame su. Wannan karon na ƙi yarda sai an bar mini mabuɗi, aka bar mini. Aka kuma yi sabuwar shela, cewa kada a ƙara kashe dila a kewayen gonaki. Mutane suka bi don tsoron gardi. Gafiya ta ragu kuwa, na ga haka a rumbuna. Amma dila ba ta tsaya a kan gafiya ba. Ta fara da kajin matata, ta ƙare da ɗan baƙar akuyar nan. Surukata ta aiko da saƙo mai tsawo, wanda matata ta ce ba za ta iya maimaita mini duka ba.

Da mulkin kai ya zo Mushe ya zo sallama. Ya kama hannuna da hannu biyu, ya ce aikin ya yi kyau, ya bar mini hular kwanonsa. Motarsa ta tafi. Na kwance kare, na gyara majajjawa, na rataya gwangwanaye, na tafi gona da ƙarfina.

Biran ba su motsa ba. Na yi ihu, suka ɗago kai suka ci gaba da tono. Ƙananan da aka haifa a cikin shekarun nan ba su taɓa ganin an jefi kowa ba. Na wurga dutse, wani ya bi shi da gudu ya ɗauka ya shinshina. Na girgiza gwangwanaye, suka taru suna kallo, kashegari na tarar su ke girgiza su. Karen da ya daɗe a ɗaure ya yi haushi biyu, babban birin ya taso masa, ya dawo ya shige tsakanin ƙafafuna.

Na shirya na tafi Damagaram, na nemi biro, wato ofishin masu kula da daji. Yanzu ɗan ƙasa ne a kujerar, saurayi mai ladabi, ya ba ni wurin zama, ya kira ni baba ko da yake ban girme shi da yawa ba. Na kwashe labari na gaya masa, na ce a taimake ni da abin da zai mayar da biran nan dutse. Ya saurara da kyau, idonsa na ƙara haske. Ya ce ya san gonar, ya ji labarinta. Ya ce birai da suka saba da mutum haka abu ne mai wuyar samu, ana iya zama kusa da su a ga duk yadda suke rayuwa. Ko zan yarda a ƙara damina ɗaya?

Na miƙe, na sa takalmina, na ce masa a gaida gida.

Sai da na yi shekaru ina fama kafin su sake sanin mene ne dutse, kuma har na bar noma ba su koma jin tsorona kamar da ba. A ƙarshe gyaɗar ce na ɗauke daga can. Wani ƙanen babana ya ara mini fili a kudancin gari, ƙasa mai tauri wadda ba ta kai waccan ba, amma ba duwatsu kusa. A tsohuwar gonar na shuka duma, tunda ɗaci gare shi, ba mai ci. Ya yi yaɗo ya rufe ƙasa, ya zuba ƴaƴa, matata har ta fara zancen sayar da ƙwarya. Birai ba su ci ba, gaskiya ne. Sai dai sukan tsinke ɗanyen, su gatsa, su tofar, su jefar, su matsa su tsinke na gaba ko shi zai fi daɗi. Na tsince waɗanda suka tsira na kai gida, ta fafe su. Sun ishe mu na awo da na fura, ba a kai ko ɗaya kasuwa ba.